Gonaki Goma Sha Ɗaya na Hirooka Tokuji

Hirooka Tokuji ya girme ni da shekara uku. Gidansu na sama da namu a kwarin Kuzutani, rafi ne kawai ya raba mu, don haka babu abin da ya same shi a rayuwa da ban gani ba. Ba mutum ne mai daɗin zama ba. Ba ya gaisuwa da baki, sai dai ya taɓa bakin hularsa ya wuce. Tun muna makaranta haka yake, tsufa bai ƙara masa ba, bai rage masa ba.

Shi ne ɗan fari, saboda haka shi ya zauna. Ƙannensa uku sun bi jirgin ƙasa zuwa masana'antun Osaka, kowane da ya cika shekara goma sha biyar sai a saka masa kaya a jaka a kai shi tasha. Babansu ya dawo daga yaƙi da ciwon ƙirji, shi ne kuma ya yi ajalinsa. Tokuji na da shekara goma sha tara aka bar masa uwa, da saniya ɗaya, da gonakin shinkafa goma sha ɗaya da suka hau jikin dutse kamar matakala, kowace da katangar duwatsu a ƙarƙashinta da gaɓar ƙasa a gefenta. Huɗu na ƙasa suna da faɗi. Daga ta biyar sai su fara tsukewa, ta can ƙoli kuwa ba ta fi shimfiɗar tabarma shida ba. Kakansa ne ya sassaƙa su da hannu.

Ya auri Sadae daga bayan dutse, mace mai surutu da dariya, ita ke yi musu magana su biyu. Sun haifi mace da namiji. Macen ta yi aure a Okayama. Namijin, Norio, ya yi karatu ya samu aiki a wani kamfanin kayan mota a Hiroshima. Sadae ta rasu shekara goma sha biyar da suka wuce. Tokuji ya koyi dafa shinkafa da miya, bai koyi komai bayan wannan ba, kuma su ya ci har ƙarshe.

Abin alfaharinsa ɗaya ne. Duk kaka muna kai buhunanmu ma'ajiyar ƙungiyar manoma, mai duba ya soka bututun ƙarfe cikin buhu, ya zuba ƙwayar a faranti, ya kaɗa ta da yatsa, ya buga hatimi. Shekara sittin da 'yan kai shinkafar Tokuji ba ta faɗo daga daraja ta ɗaya ba, in ban da shekarar sanyin nan da kowa ya yi asara. Bai taɓa faɗin wannan da bakinsa ba. Amma ranar kai buhu sai ya sa sabuwar hula.

Muna yara gida arba'in da shida ne a kwarin. Lokacin da nake ba da labari, goma sha uku ne ake kunna wuta a cikinsu. An rufe makaranta, motar haya ta koma zuwa sau biyu a mako. Shugaban unguwarmu, Isamu, yana da shekara sittin da takwas, shi muke kira matashi, shi muke aika ya hau tsani.

Duk bikin Obon na tunawa da mamata, Norio na zuwa ya wanke kabarin uwarsa, ya kwana biyu, ya faɗi magana ɗaya: “Baba, ka haƙura haka nan. Ni ba zan dawo ba, ka sani.” Ban ga laifinsa ba, aƙalla bai yi wa uban ƙarya ba. Amma kowa ya san abin da ke samun gonar da ba ta da mai ita. Shekara uku ciyawa ta fi mutum tsawo. Shekara biyar aladen daji sun tone katangar, ruwan sama ya kwaso ta ya zuba kan ta ƙasa. Wata rana na kai wa Tokuji kabewa, yana wasa lauje, bai ɗago ba ya ce, “Nobu, ba na so a ce a hannuna suka mutu.” Iyakar abin da ya taɓa faɗa ke nan a kan batun. Yana neman wanda zai miƙa wa, kuma babu kowa.

Ana cikin haka hukuma ta fara kawo mana matasa daga birni, a ba su gidan da ya zama kango da ɗan tallafi na shekara uku. Ƙauyukan ƙasa sun samu nasu tun kafin mu. Wani ya buɗe shagon gahawa a inda ba mai wucewa, wata ta gasa burodi mai tauri da haƙoranmu ba su iya ba. Yawancinsu shekara ukun na cika suka koma.

Tamu ta zo a watan Maris da 'yar a-kori-kura, da kyanwa, da kwalayen littattafai. Sunanta Utsumi Kanae, shekararta talatin da biyu. Shekara tara ta yi a Osaka tana amsa waya a wani kamfani, mutane na yi mata ihu a kunne daga safe zuwa yamma tana ba su haƙuri. Aka ba ta gidan Oshita da gonakinsu biyu, waɗanda ke kafaɗa da kafaɗa da na Tokuji, doguwar gaɓarsu tana gangarowa kan manyan gonakinsa na ƙasa.

Ranar da ta zo gaishe mu a ɗakin taro, Isamu ya dube ta sama da ƙasa ya ce, “To 'yar Osaka, ke gahawa za ki sayar mana ko burodi?”

Ta ce, “Shinkafa zan noma, Kawu.”

“Shinkafa! Kin san dai ba a cikin leda take tsirowa ba ko?”

Aka yi dariya, ita ma ta yi. Tokuji bai yi ba.

Gaskiya ta yi aiki. Ranar gyaran magudanar ruwa ita ce ta shiga laka har gwiwa. Da tsohuwar gidan Morie ta rasu, ta tsaya a madafi tare da mu kwana biyu. Tana kai mu asibiti a motarta ba ta nuna gajiya. Shukarta ta farko ta karkace kamar tafiyar mashayi, amma ta shuka. Wata safiya ta tarar da faifan irin shinkafa shida a ƙofarta, ba wanda ya ce shi ya ajiye, kowa kuma ya san na waye. Na ce wa Tokuji, “Yaya ka gan ta?” Ya ce, “Bayanta na lanƙwasawa.” Daga bakinsa wannan yabo ne babba. Tun daga lokacin na gane inda zuciyarsa ta karkata.

Matsalar ciyawa ce. Gaɓa ta mai gonar sama ce, shi ke yanke ta har ƙasa, har bakin gonar maƙwabcinsa, sau uku ko huɗu a shekara. Kanae ba ta yanka ba. Littattafanta sun gaya mata ciyawa gidan ƙananan halittu ce masu amfani, a bar ta ta yi rayuwarta. Zuwa watan Yuni gaɓar ta kai ƙugu, ta fara fitar da kai. A cikin irin wannan ciyawar ƙwaron nan mai wari yake hayayyafa, wanda ke tsotsar ƙwayar shinkafa tana madara ya bar mata baƙin tabo.

Wata asuba muka ji ƙarar injin yankan ciyawa. A kwari irin namu, daga ƙarar kawai ka san injin waye, ka san kuma inda yake yanka. Na ajiye ludayi na saurara. Injin Tokuji ne, a gaɓar 'yar Osaka.

A wurinmu in wani ya yanke maka gaɓarka, ba ka roƙe shi ba, ba ka kuma kwance asibiti, to ya zage ka ne a gaban kowa. Ya ce kai malalaci ne, ya ce ba ka da kunyar maƙwabta. Rabon da a yi wa wani haka tun zamanin mijina, kuma gidajen nan biyu sun yi shekara goma sha ɗaya ba sa shan shayin juna. Wanda aka yi wa, washegari tun duhu zai fito da injinsa, ba zai sake bari a riga shi ba har ya mutu. Shi ke nan, an gama magana ba a buɗe baki ba.

Da la'asar sai ga Kanae ta dawo daga gari da kwalin wainar wake mai zaƙi, an naɗe da takarda mai kyau. Ina bakin rafi ina wanke kayan lambu, a kan idona ta tsaya ƙofar Tokuji tana ta rusunawa.

“Baba, na gode, na gode ƙwarai! Duk wannan aikin kai kaɗai? Da shekarunka? Ban san yadda zan saka maka ba.”

Tokuji ya tsaya da hannu a sake. Ya dubi kwalin, ya dube ta. Sai ya karɓa. Me zai yi?

Isamu da ya ji labari ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Shi ya cinye wainar ma, don likita ya hana Tokuji zaƙi. A Yuli aka sake, injin da asuba, kwali da la'asar. Haka aka shekara, aka sake shekara. Ta riƙa gaya wa ƙawayenta na birni a waya irin kirkin mutanen ƙauye. Ba wanda ya gaya mata. In ka tambaye ni dalili, zan ce maganar ta Tokuji ce, ba a shiga gaɓar wani. Zan kuma ce mun ji tsoro kada ta ji kunya ta tafi, don ita kaɗai ke gare mu. Duka biyun gaskiya ne, kuma duka biyun ba hujja ba ne.

A shekara ta uku abin ya zo wuya. Tallafinta zai ƙare a Maris. Gona biyu ba sa riƙe mutum, in ba ta samu ƙari ba dole ta koma. A tsakiyar Yuli kuma zuciyar Tokuji ta buga masa gargaɗi, aka kwantar da shi kwana goma a gari. Ba wanda ya yanke gaɓar Kanae, ta yi tsawon da ba ta taɓa yi ba. Da aka sallame shi Norio ya kawo shi gida, na je dubiya na tarar da su suna kallon bango.

Norio ya ce, “Goggo, ki yi masa magana. Likita ya ce ba injin, ba hawan dutse. Ga yarinya tana so, ya ba ta mana. Ni yau aka kawo takarda zan sa hannu.”

Tokuji ya ce, “Wanda bai san gaɓa ba, ba a ba shi gona.”

Na ce, “To ka gaya mata.”

“Na gaya mata sau takwas.”

“Da inji ka gaya mata, Toku. Ita ba ta jin yaren inji.”

“In sai an faɗa mata da baki, ba ta gani ba ke nan. Gona da ido ake riƙe ta.”

Na ce, “Kanka ya fi katangar gonarka tauri. Haka Sadae ta sha fama har ta gaji ta tafi.”

Norio ya dubi agogonsa.

Na yi mako biyu ina juya abin, sannan na yanke shawara. Ranar biyar ga Agusta da rana tsaka na tura keken da nake dafawa in yi tafiya na haura gidan Oshita. Kanae na tsinke tumatir. Ta kawo mini shayin sha'ir mai sanyi, ban sha ba, na faɗa mata komai yadda yake, ban sa masa zuma ba.

Ta ce, “Shekara uku, Goggo?”

“Biyu da rabi.”

“Kuma duk kun sani?”

“Har karen Isamu ya sani.”

“Wainar fa? Ina kai masa ina...” Sai ta rufe baki da hannu.

Na ce, “Kuka ba ya yankan ciyawa. Yana so ya ba ki gonakinsa, wannan ne kawai ya tsaya masa a maƙogwaro. Kin dai ji.”

Na tashi na tafi dafa abincina, ina jin na sauke nauyi. Abu ɗaya ban faɗa ba, don bai ma zo mini a rai ba cewa akwai wanda bai san shi ba. Ana yanke gaɓa mako biyu kafin shinkafa ta fitar da kai. In lokacin ya wuce, an makara, sai a bar ciyawar a tsaye har ƙwaya ta yi tauri. In ka yanke ta shinkafa na madara, ka rushe wa ƙwari gidansu ke nan, kuma ba su da inda za su sai cikin gona. Shinkafar Tokuji ta fitar da kai kwana shida kafin ranar.

Gari na wayewa na ji inji. Ba na Tokuji ba ne, wani tsoho ne da Oshita suka bari a rumbu. Na fito ko ɗankwali ban ɗaura ba. Mace mai shekara tamanin ba ta gudu, sai da na yi kusan rabin sa'a ina tura keke kafin na kai. Ta faro daga can nesa ta nufo gonakinsa, tana kora komai gabanta kamar mai kora kaji. Ta ci fiye da rabi. Ina ganin ƙwarin na tashi ƙasa-ƙasa suna faɗawa cikin shinkafar.

Na yi ta ihu har ta ganni ta kashe injin. Jikinta duk ɗanyen ganye, tana haki, tana murmushi. Na gaya mata. Murmushin ya daɗe bai bar fuskarta ba, kamar ya manta hanyar fita.

Da na juya sai na hangi Tokuji a barandarsa, da silifas ɗin asibiti a ƙafa, ya dafa ginshiƙi. Tun farkon ƙarar yake tsaye a wurin. Tsakaninsa da ita ba nisa, in ya ɗaga murya za ta ji, ko ya kaɗa mata tawul. Bai yi ba.

A Oktoba Isamu ya girbe masa da injinsa, Kanae ta ɗauko buhunan a motarta, don ba wani mai ƙarfin ɗauka. Tokuji ya zo da tsohuwar hula. Mai duba ya soka bututu, ya zuba a faranti, ya kaɗa. Ya sake soka wani buhun. Ya san Tokuji shekara ashirin, sai da ya cire tabarau ya goge kafin ya buga hatimi. Daraja ta biyu. Buhunan gonar da ke daf da gaɓar kuwa, ta uku.

Kanae ta durƙusa a kan siminti, ta kai goshinta ƙasa a gaban mutane.

Tokuji ya ce, “Tashi, kina tare wa mutane hanya.”

A Nuwamba ta zo ta gaya mini za ta koma Osaka in Maris ya yi, ta riga ta yi magana da wata ƙawarta a kan ɗaki. Ba ta yi kuka ba. Ta ce ta zo ne ta huta da ba mutane haƙuri, ga shi ta ƙare da goshi a kan siminti.

Na haura wurin Tokuji a ranar. Yana zaune ya sa ƙafafu ƙarƙashin teburin ɗumi.

Na ce, “Za ta tafi. Ka ji daɗi. Ka kashe gonakin kakanka da bakin nan naka da ba ya buɗuwa.”

Ya ce, “Ke da naki ya buɗe fa, me ya gyara?”

Gaskiya ya faɗa. Na zauna. Ya zuba mini shayi, abin da bai taɓa yi ba, shayin kuma ba daɗi.

Na ce, “Ka gan ta ranar. Me ya hana ka tsayar da ita?”

Ya daɗe yana juya kofi. Ya ce, “Karon farko ke nan da ta ɗauki injin da kanta.”

“Sai ka bar ta ta lalata maka shinkafa?”

“Na bar ta.”

Bayan kwana uku, ranar da dusar ƙanƙara ta fara sauka kan ƙololuwa, na gan shi ya tsallaka zuwa gidan Oshita da sanda. Na bi shi, ba wanda ya gayyace ni. Ya tsaya a ƙofa ya ce, “Sa takalminki. Ɗauko mota.” Ta kai mu iyakar inda hanya ta tsaya, wajen gona ta biyar. Ni a nan na zauna kan dutse, su suka haura a hankali, tana riƙe da gwiwar hannunsa. Kunnensa ya yi nauyi, don haka da ƙarfi yake magana, ina jin komai.

Sa'a biyu ya yi yana magana. Ban taɓa jin ya haɗa jimla biyar a jere ba sai ranar. Wannan tana yoyo a kusurwar arewa, sai an liƙe ta da laka kafin a sa ruwa. Waccan akwai idon ruwa mai sanyi a ƙarƙashinta, shinkafarta na makara da mako guda. Kada a taka wancan dutsen, yana motsi tun zamanin babansa. Ya gaya mata ranakun yanka ɗaya bayan ɗaya, da ranar da ake ajiye inji kada a sake taɓa shi. Suka sauko suka tsaya kusa da ni, yana numfashi da ƙyar.

Ya ce, “Guda nawa za ki iya yanke gaɓarsu ke kaɗai, sau huɗu a shekara, ban da naki biyu?”

Ta ce, “Baba, ai tafiya zan yi.”

“Ban tambaye ki wannan ba. Guda nawa?”

Ta ɗaga kai ta dube su har sama. “Duka.”

“Ƙarya kike.”

“Bakwai.”

“Yarinya, ni nake yankansu tun kafin a haifi uwarki.”

Na ga tana lissafi da gaske. Ta ce, “Biyar. In na yi ƙoƙari.”

“Huɗu. Ƙoƙari na shekara ɗaya ne. Huɗu na ƙasa.”

“Sauran bakwai fa?”

“Sun gama.”

Ta ce da ba ta yi abin da ta yi ba, da ya yarda da ita ya ba ta duka. Ya ce mata a'a. Ya ce lokacin babansa mutum bakwai ne ke fita daga gidansu su noma gonakin nan, shi kuma ya riƙe su shi kaɗai ne don ba shi da wani abin yi da ransa, kuma ba ya yi wa kowa fatan haka. Ya ce ya san wannan tun kafin ta zo, ya ƙi dubansa ne kawai.

Ta goge hanci da bayan safar hannu. Ta ce, “Ni ma ina da magana, Baba. Ban taɓa son ka yanke mini ciyawar nan ba. Da gangan na bar ta. Duk ranar da ka yanke sai na shiga ɗaki na yi ta jin haushi.”

Ya juyo ya dube ta sosai. “To me ya sa kike kawo waina?”

“Kai me ya sa kake karɓa?”

Na ce, “Ku biyun nan, da za a haɗa ku a dafa, ba za a samu cikin cokali na hankali ba.”

Ba wanda ya kula ni. Kanae ta ce, “In zan zauna, da sharaɗi. In na yi kuskure ka faɗa da baki, ko a gaban waye. Na saba da ihu, shi ne aikina shekara tara. Amma in na sake jin injin wani a gaɓata, ranar zan ɗaure kayana.”

Ya ce, “Likita ya riga ya ƙwace injin.”

“Ba amsa ba ce wannan.”

“Na ji,” in ji shi.

Gonar da za a bari ba a barinta haka kawai. Sai an fasa bakinta, don kada ruwa ya taru ya ture katanga kan na ƙasa. Isamu ya ce zai yi, Kanae ta ce za ta yi, Tokuji ya ƙi. Kwana huɗu tana kai shi da mota, ya haura da fartanya, ya sara sau biyar ya huta, ya sara sau biyar ya huta. Daga ta biyar ya fara ya yi sama. Ita tana tsaye da maganinsa a aljihu, ya hana ta taɓa fartanyar. Ta ƙolin ce ta ƙarshe. Kanae ta gaya mini da ya fasa ta, ya tsaya ya ga ɗan ruwan da ke ciki ya tsiyaye tas, sannan ya miƙa mata fartanyar ya ce sanyi yake ji, su tafi. Da sabuwar shekara Norio ya zo ya sa hannu a takardar miƙa mata huɗu na ƙasa.

Damina biyu ya ƙara gani. Yana zama kan akwatin roba a bakin gona yana yi mata faɗa da ƙarfi, har tsallaken rafi muna ji. “Ruwan ya yi yawa! Ke makauniya ce?” Ita kuma ta ce, “Na gani, Baba, ka bar ni na kai wurin mana!” Ta rage karanta littattafan, amma ba ta bar su duka ba. Har yanzu ba ta fesa magani, sun yi ta rigima a kan wannan ba wanda ya ci.

Ya rasu a watan Fabrairun bana, a asibitin gari, yana da shekara tamanin da biyar. Mu goma sha shida muka raka shi, har da 'ya'yansa da jikoki.

Bakwai na sama sun rufe da ciyawa da ƙaya, aladen daji sun riga sun rushe katangar ta tara. Daga tagar madafina ina ganinsu, kuma ba kyan gani. Kanae na da shekara talatin da bakwai yanzu. Da hunturu tana aiki a wurin tsaga katako a gari don ta cike abin da gona ba ta kawo ba, gwiwarta ta hagu kuma ta fara damunta. Ban tambaye ta ko shekara nawa za ta iya ba. Makon jiya ta zo ta ari manyan bahona biyu, za ta jiƙa iri.